Tafiya Zuwa Taurari Da Amanar Rai

Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin sammai da ƙassai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, tun daga shekarar 1969 da ɗan Adam ya fara taka wata, mutane ba su gushe ba suna tambayar malamai matsayin shari'a game da binciken sararin samaniya. Amsa a taƙaice ita ce, binciken halal ne, domin Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da masu hankali su yi tunani a kan halittar sammai. Inda magana take shi ne abin da za a tura, na'ura ko mutum, da kuma sharaɗin tura shi.

Mai karatu ya dubi Zara, wadda Hausawa ke kira matar wata. Daga nesa ba tauraron da ya fi ta kyau, amma zafin da ke bisa doronta ya kai kimanin digiri 460, watau ya isa ya narkar da dalma. A 1982 Tarayyar Sobiyet ta saukar da kumbo mai suna Venera 13 a can, ya yi aiki na minti 127 kacal, sa'an nan ya mutu. Da mutum ne a cikinsa, da an yi asarar rai. Da yake ƙarfe ne, sai aka sami ilmi, aka yi asarar dukiya kaɗai.

Mirrihu kuwa, wadda Turawa ke kira Mars, sanyi ne da ita mai tsanani, iskarta kuma ba ta rayar da mai numfashi. Amurka ta saukar da Viking 1 a kanta a 1976, a 2021 kuma ta saukar da Perseverance, bayan tafiyar wajen wata 7. Har yau ba ɗan Adam ɗin da ya je can. Mutum 12 ne suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, dukansu kuwa sun komo gida.

A 2013 wani kamfani na ƙasar Holan mai suna Mars One ya yi shelar neman waɗanda za a kai Mirrihu su zauna, ba tare da tanadin komowa ba. A 2014 malaman fatawa na hukumar harkokin addinin Musulunci ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka yanke hukunci cewa irin wannan tafiya ba ta halatta ba, domin jefa rai ne cikin halaka. Kamfanin ya karye a 2019, bai kai kowa ko'ina ba.

Kada a ɗauka fatawar nan ƙyamar ilmi ce. Ita wannan ƙasa ce ta harba kumbo mai suna Al-Amal, wanda ba kowa cikinsa, ya isa kewayen Mirrihu a Fabrairun 2021 don nazarin yanayinta. Ita ce kuma ta tura Sultan al-Neyadi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2023, ya yi wata 6 ya dawo. Ashe abin da aka hana shi ne tafiyar da ba a shirya mata komowa ba.

Dalili kuwa a fili yake. Malaman usulu sun ce shari'a ta zo ne don ta tsare abubuwa 5: addini, da rai, da hankali, da nasaba, da dukiya. Rai yana gaba da dukiya, saboda haka idan ɗayansu zai salwanta, dukiya ake bayarwa. Rai kuma amana ne a hannun mai shi, ba mallakarsa ba ne balle ya sayar da shi don neman suna. Haɗarin da aka auna, aka yi masa tanadi, kuma aka fi zaton tsira a cikinsa, shari'a ta yarda da shi, kamar yadda ta yarda da hawan teku don fatauci. Wanda aka fi zaton halaka a cikinsa kuwa, ganganci ne, ko da an kira shi tawakkali.

Saboda haka tsari mafi dacewa shi ne na'ura ta yi gaba, ta auna zafi da sanyi da iska, mutum ya biyo baya in hanyar komowa ta tabbata. Wannan ma'auni bai tsaya ga 'yan sama jannati ba; ya shafi duk wanda ke shirin tafiyar da bai san makomarta ba.

Allah Ya ƙara wa al'umma ilmi mai amfani, Ya tsare ta daga ganganci, amin.