Nasiha Ga Sabon Ɗalibin Jami'a Da Iyayensa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɗaukaka ɗan Adam da ilimi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, a kowace shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, gidajenmu kan cika da murna. A yi sadaka, a yi addu'a, a ɗaure wa yaro kaya a raka shi tasha. A da, mafi yawan yaranmu Yamai suke nufa, su ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, wasu kuma su tafi Jami'ar Musulunci ta Say da aka buɗe a 1986. Tun daga 2010 kuwa, Maraɗi da Damagaram da Tawa kowace ta sami tata jami'ar. Ƙofofi sun yawaita, alhamdu lillahi. Amma shiga daban, fitowa da abin da aka je nema daban.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani yaro na unguwarmu, wanda muka sani tun yana riƙe da allo. Ya shiga ɗaya daga cikin jami'o'inmu, bayan ƴan watanni ya dawo hutu, ya same mu bayan sallar Isha'i ya ce: "Allah gafarta Malam, ni dai na gaji." Ya ce zauren karatu cike yake da ɗaruruwan mutane, malami bai san ko sunansa ba, guzuri ya ƙare, ga shi ya faɗi a darussa biyu, shi da bai taɓa faɗuwa a lise ba. Yana son ya bar karatun ya bi yayansa kasuwa. Muka ce masa: "Ɗana, ƙarfe nawa kake kwanciya?" Sai ya sunkuyar da kai. Ashe shayi ne a fada har tsakar dare, waya a hannu, Asuba kuwa sai rana ta fito.

Basirar yaron nan tana nan yadda muka san ta. Abin da ya rasa shi ne mai tsawata masa. A gida mahaifinsa ke tashinsa salla, a lise ana kiran suna kowace safiya. A jami'a babu mai tashinsa, babu mai nemansa. Saboda haka darasin farko da sabon ɗalibi zai koya, tun kafin na littafi, shi ne ya zama mai tsaron kansa, yana sane da cewa Allah na ganinsa ko da idon mahaifi ya yi nisa. Wannan tsaron kai yana tsayuwa a kan abubuwa uku.

Na farko, gyaran niyya da zaɓen fannin da zuciya ta karkata gare shi. Allah bai halicci bayinsa da baiwa iri ɗaya ba. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya shaidi Zaidu ɗan Sabitu da sanin rabon gado, Mu'azu ɗan Jabal da sanin halal da haram, Ubayyu ɗan Ka'abu kuma da ƙira'a. Har ma ya umarci Zaidu ya koyi rubutun Yahudawa domin al'umma na buƙatar mai karanta wasiƙunsu. Imam Gazali kuwa ya ƙidaya likitanci da lissafi cikin farillan da ke wuyan al'umma, waɗanda idan babu mai tsayuwa da su kowa ya yi laifi. To, wanda ke karatun noma domin geron talaka ya yi albarka, da wadda ke karatun ungozoma domin ceton mata a wurin haihuwa, duk suna cikin ibada muddin niyya ta gyaru.

Muna da misali a gida. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya kuma rasu a 1991, ya dubi wannan ranar da kowa ke kuka da zafinta, ya sadaukar da rayuwarsa ga binciken yadda za a amfana da ƙarfinta. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Ya kai ɗalibi, nemi abin da zuciyarka ba ta gajiya da tambaya a kansa, sannan ka dubi inda ya haɗu da buƙatar mutanenka. Wanda ya shiga fanni don kawai abokinsa ya shiga, wahalar farko ce za ta kore shi.

Na biyu, haƙuri. Ku karanta ƙissar Annabi Musa (A.S.) da Halliru a cikin Suratul Kahfi. Annabi ne mai girma, wanda Allah ya yi magana da shi, amma ya yi tafiya har gajiya da yunwa suka kama shi domin neman ilimin da ba shi da shi, kuma abin da malamin ya fara yi masa magana a kai shi ne haƙuri. Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya je har Agadas ya zauna gaban Malam Jibirilu ɗan Umaru. Babu ɗayansu da ya sami ilimi a kwance. Faɗuwa a jarrabawa ɗaya ba ta yanke hukunci a kan mutum. Tsarin da ake bi yanzu ya raba lisansi zuwa zango 6 cikin shekara 3, kuma wanda ya faɗi a wani darasi ana ba shi damar sake zama. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Na uku, tsara yini da zaɓen aboki. Ya tabbata a hadisi cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Allah ya riga ya raba mana yini da salloli biyar, sai ɗalibi ya ɗora karatunsa a kansu: bita bayan Asuba lokacin da ƙwaƙwalwa ke a huce, ɗakin littattafai bayan La'asar, barci da wuri bayan Isha'i. Awa biyu kullum ta fi kwana uku ba barci gab da jarrabawa, domin da yayyafi kogi kan cika. Ya riƙe wani abu na Alƙur'ani kowace rana, ko shafi ɗaya ne. Ba mu hana shi wasan ƙwallo ko zama da tsararsa ba, jiki da zuciya suna da haƙƙinsu. Sai dai ya dubi wanda yake zama da shi, don zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ku kuma iyaye, aikinku bai ƙare a tasha ba. Ku riƙa kiran yaranku a waya, ku tambaye su sallarsu da abincinsu kafin ku tambaye su makinsu. Kada ku tilasta wa yaro fannin da ba ya so saboda sunan da ke cikinsa. Idan ya faɗi, kada ku tarbe shi da zagi har ya ji tsoron gaya muku gaskiya. Ƴaƴa mata su ma a ƙarfafa su, a samo musu masauki na mutunci. Masu hali na cikin masallatanmu kuma su tuna cewa buhun gero ko kuɗin mota da aka ba ɗalibi mabuƙaci sadaka ce mai gudana.

Yaron nan da muka ambata ya koma. Mun yi alkawari da shi a kan abu biyu kawai: Asuba cikin jam'i, da kashe waya bayan Isha'i. Ya sake zama a darussan nan biyu, Allah ya ba shi sa'a, yanzu yana shekara ta biyu. Wahalar guzuri tana nan, cunkoso yana nan, amma bai sake yi mana zancen barin karatu ba.

Ya Allah ka ba yaranmu ilimi mai amfani, ka tsare su daga miyagun abokai, ka sa su zama sanyin idon iyayensu da alheri ga ƙasarmu. Amin summa amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.