Alkakin Hajiya da Alkawarin da Muka Yi wa Kanmu

Ranar Litinin da safe mukan shigo ofis da niyya mai ƙarfi: daga yau babu lemon kwalba, babu soye-soye. Likita ya auna mu, ya ce nauyi ya yi yawa, hawan jini ya fara leƙowa. Kafin azahar sai ga Hajiya ta sashen kuɗi da faranti cike da alkaki, dubulan da cincin na bikin 'yarta. "Bismillah, Malam, a taya mu murna." Kafin mu yi tunani, hannu ya riga ya kai.

Me ya sa mutum yake aikata abin da ya san zai cutar da shi? Tambayar tsohuwa ce. Socrates na ƙasar Girka yana ganin duk mai aikata kuskure rashin sani ne ya ja shi. Aristotle bai gamsu ba, domin ya ga masu sani da sha'awa ke rinjaya. Mu ma ba sani muka rasa ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da muke ci a rana, wato kimanin giram 50 ga babban mutum. Kwalbar lemo guda ta santilita 50 tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Mun ji, mun sani, mun kuma sha.

Sai mu ce kwaɗayi ne, mabuɗin wahala. Amma mu da muke wuni cikin zafin bazara da azumi, ko ruwa ba mu kurɓa ba, ta yaya cincin uku za su fi ƙarfinmu? Bambancin shi ne, a watan azumi ba mai miƙo mana faranti, kuma kalmar "ina azumi" tana rufe bakin kowa. Wanda ya ce "ina rage ƙiba" kuwa, dariya ake yi masa, a ce ai ƙiba alamar hutu ce. Ashe sau da yawa kunya ce take ci mana alkakin, domin an rene mu a kan cewa mayar da hannun kyauta baya rashin tarbiyya ne.

Haƙƙi biyu ke nan suka haɗu a kan tebur ɗaya: na Hajiya da ta tuna da mu, da na jikin da iyalinmu suka dogara da lafiyarsa. Muna ganin na biyun ya fi nauyi, amma ba dole ne a tauye na farkon ba. Abin da Hajiya take nema shi ne a karɓa, a yi mata addu'a. Mu karɓa da hannu biyu, mu ce Allah ya ba su zaman lafiya, mu ƙulle a leda mu kai wa yara gida, ko mu miƙa wa maigadi a bakin ƙofa. Kada dai mu bar shi a gabanmu har la'asar, domin abin da ido ke gani, hannu ba ya daɗewa bai kai masa ba.

Akwai kuma ranar da mu ne masu farantin. Idan abokin aiki ya ce ya gode, likita ya hana shi, to mu bar shi a haka, kada mu ce "ai ɗaya ba ya kisa."