Aikin Da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya taɓa shiga soron Gidan Makama da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, ya san yadda sanyi ke tarbarsa tun daga bakin ƙofa. Asirin yana cikin kaurin bangon. Laka tana shan zafin rana sannu a hankali, ba ta sakinsa sai dare ya yi. Da hunturu kuwa takan riƙe ɗumi. Maginan Birni sun gaji wannan sani kaka da kakanni, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Sukan kwaɓa ƙasa da ciyawa, su bar ta ta ruɓe, su jera tubali, su ɗora azarar giginya wadda gara ba ta ci, sa'an nan su shafe da makuba domin ruwa.

Yau kwano da bulo sun mamaye unguwanni da yawa, ɗaki ya zama kamar tanda. Saboda haka wata sana'a ta taso, ta masu shimfiɗa soso ko takarda mai ƙyalli tsakanin kwano da silin domin tare zafi. Tsohon magini da wannan sabon ma'aikaci abu ɗaya ya haɗa su: da zarar an yi yaɓe ko an buga silin, aikinsu ya ɓuya ke nan. Mai gida ba zai hau ya duba ba.

A nan tambayarmu take. In ma'aikaci ya rage kaya, ya bar kusurwa ba shimfiɗa, ba wanda ya gani, ba wanda ya koka, ya yi laifi ko kuwa?

Wani zai ce mai gida ne ya matse farashi, ga iyali suna jiran cefane, sai ma'aikaci ya yi aiki daidai kuɗinsa. Wannan magana tana da nauyi. Littafin Firistoci sura 19 ya hana a kwana da ladan ɗan ƙodago, kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, cikin wasiƙarsa Laborem Exercens ta 1981, ya koyar cewa mutum yana gaba da riba. Mai gidan da ya ƙuntata wa ma'aikaci yana da nasa alhakin.

Amma ƙarancin lada bai halatta yaudara ba. Ma'aikaci yana da ikon ya ce, "Maigida, kuɗin nan ba zai rufe ɗaki uku ba, sai biyu." Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya karɓi kuɗin uku, ya yi biyu, ya rufe da silin. Wanda zai biya bashin ba ya wurin ciniki: jaririn da zai kwana cikin zafi ne, da tsohuwar da ba ta iya fita inuwa. A 2017 gobara ta cinye benen Grenfell a Landan, mutum 72 suka rasu, domin kayan da aka lulluɓe ginin da su masu cin wuta ne. Rahoton bincike na 2024 ya nuna cewa wasu masu sayar da kayan sun ɓoye gaskiya da gangan.

Ubangijinmu ya girma a gidan Waliyyi Yusufu kafinta, ya ga yadda ake haɗa itace a wurin da mai saye ba zai leƙa ba. Maƙwabtanmu Musulmi na cikin Birni suna kiran wannan hali riƙon amana, mu ma da sunan nan muka san shi. Dukanmu muna da silin da muke rufe aikinmu da shi: malami da takardun jarrabawa, ma'aikaciyar jinya da aikin dare, firist da addu'arsa ta ɓoye. Kafin mu zo Jibin Ubangiji ranar Lahadi, bari kowannenmu ya binciki lamirinsa a kan abin da ya rufe cikin makon nan. Waliyyi Yusufu Ma'aikaci, ka yi addu'a dominmu.