Magudanar ruwan ɗan kasuwa amana ce a wuyansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da ruwa daga sama mai tsarki mai tsarkakewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, muna yi mana wasiyya da tsoron Allah. Nasiharmu ta wannan karo ta fuskanci masu gidajen abinci, da mahauta, da masu tuyar ƙosai da kifi, da masu garaji, da duk mai sana'ar da ruwan datti ke fita daga wurinsa. Da yawa daga cikinmu suna kyautata alwalla, suna rigegeniya zuwa sahun farko, alhali kuwa lambatun da ke ƙofar kantinsu ya toshe, yana tumbatsa yana malala cikin hanyar bayin Allah. Ku sani wannan haƙƙi ne, kuma za a yi tambaya a kansa.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa imani rassa ne masu yawa, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikinsu. Ya kuma ruwaito gargaɗin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga mai biyan buƙatarsa a kan hanyar mutane ko a inuwarsu, domin aikin yana jawo masa tsinuwa. To, ina ga wanda masan otel ɗinsa ya cika ya ɓalle, najasar mutane da yawa ta bi titi? Imamul Buhari kuma ya ruwaito rantsuwar Annabi har sau uku cewa imanin mutum bai tabbata ba matuƙar maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba.

Ya kamata mu san yadda toshewar take faruwa. Mai da kitse idan suna da zafi suna gudu kamar ruwa, sai mai sana'a ya tuttula su a rariya yana zaton sun tafi. Da sun huce sai su daskare a jikin bututu, su riƙa kama ɓarɓashin shinkafa da ɓawon albasa da leda da rairayi, hanya ta yi ta ƙunci har ta rufe. Zuba tafasasshen ruwa a baya ba ya kawar da maiƙon, tura shi gaba kawai yake yi, ya je ya daskare a ƙofar maƙwabci. A birnin Landan na ƙasar Ingila, a shekarar 2017, an tarar da curin maiƙo da tarkace cikin magudanar ƙarƙashin ƙasa, tsawonsa mita 250, nauyinsa tan 130. Daga ludayi ɗaya-ɗaya aka tara shi.

Ɓarnar kuwa ta shafi addini da jiki. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san ruwan da najasa ta jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ba a tsarki da shi. Malamanmu na Malikiyya sun yi rangwame ga taɓon damina da ke taɓa tufa, amma ba su yi rangwame ba idan najasa ce ta rinjaya. Mutum nawa ne suka taka wannan ruwa a hanyarsu ta masallaci? A ɓangaren jiki, ruwa kwantacce gidan sauro ne, ƙuda kuma yana tashi daga gare shi ya sauka a kan naman da ake saidawa. Cutar kwalara tana yaɗuwa ne ta ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Ba mu manta da annobar 2018 da ta faro daga Madarunfa cikin jihar Maraɗi ba, da ta 2021 wadda ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasarmu.

Maganin yana da sauƙi ga wanda Allah ya datar da shi. Na farko, kada a zuba mai ko kitse a rariya. A bari ya huce, a tara shi a gwangwani. Baƙin man mota shi ma a tara shi daban, kada ya taɓa ƙasa. Na biyu, a kankare tukwane da kwanoni, a goge su da toka ko dusa kafin wanki, a kuma sa raga a bakin rariya domin tare tarkace. Na uku, mai gidan abinci ya sa magini ya yi masa ɗan kurtun tace maiƙo tsakanin wurin wanke-wanke da gologo: ɗaki biyu ne da marfi, ruwa ya shiga ya natsa, mai ya taso sama, dauɗa ta kwanta ƙasa, ruwan tsakiya ya wuce. A riƙa kwashe shi tun maiƙo da dauɗa ba su kai rubu'in zurfinsa ba. Na huɗu, a yashe masai kafin ya cika, a yi gayya a yashe lambatu kafin faɗuwar damina, abin da aka kwaso kuma a kai shi nesa, domin wanda aka jibge a gefe ruwan farko ne zai mayar da shi.

Idan toshewa ta riga ta auku, a dakatar da zuba ruwa da saida abinci a wurin, a tokare bututu da waya ko sanda, a wanke daɓe da ruwan jabel. Kada a haɗa jabel da wani maganin buɗe bututu, domin suna tada iska mai guba. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar da shi. Man girki na ruwa idan najasa ta faɗa masa ba ya tsarkakuwa a mazhabarmu, saida shi ga maciya kuwa algus ne. Ku ji tsoron Allah game da leburorin da kuke ɗauka: cikin rufaffen masai akwai iskar da ke kashe mutum nan take. A buɗe rami ya sha iska, kada wani ya shiga shi kaɗai ba igiya ba mai tsaro, a ba shi takalmin roba da safar hannu, a biya shi ladansa ba jinkiri.

Mai hayar da shago da ɗan haya su yi sharaɗi a fili kan wanda yasa ta rataya a kansa. Shugabannin kasuwa da ma'aikatar magajin gari su ma makiyaya ne, za a tambaye su abin da aka ba su kiwo. Bishara kuwa ita ce, Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya janye reshen ƙaya daga hanya, Allah ya gode masa ya gafarta masa.

Ya Allah ka tsarkake zukatanmu da dukiyoyinmu, ka kiyaye mu daga haƙƙin maƙwabta, ka yaye mana annoba, ka ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.