Kujerar taga da maganar ƙaddara

Wanda zai tashi daga Abuja zuwa Jos, in yana son hango Kafanchan daga sama, to ya nemi kujerar A, ta jikin tagar hagu. Jirgi gabas maso arewa yake nufa, garinmu Kafanchan kuwa da Dutsen Kagoro suna arewa da miƙaƙƙen layin da ya haɗa filin Nnamdi Azikiwe da na Yakubu Gowon a Haipang. Ta dama sai ƙasar Nasarawa, wajejen Akwanga da Wamba. A dawowa lissafi ya juye. Kada kuma kujerar ta zo saitin fiffike. Lokacin kallon kaka ne, ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke hazo bai sauko ba. Sannan ne dutsen yake fitowa kore shar, kwanon rufin garin da layin dogo ya raya tun 1927 yana ta walƙiya a gefensa.

Duk wannan lissafi na yi shi wata Janairu, na samu kujerata, muka tashi, ban ga komai ba sai farar ƙura. Wani dattijo da ke gefena, da carbinsa a hannu, ya ga na manna goshi a gilashi.

"Ɗana, me kake nema a cikin hazon nan?"

Na ce, "Baba, dutsen garinmu."

Ya yi murmushi. "Abin da aka rubuta za ka gani, ko ina ka zauna sai ka gan shi. Wanda ba a rubuta ba, ko kai ne matuƙi."

Ban yi masa musu ba, ba a ja da babba a kan kujerar jirgi. Amma rabin maganarsa kawai na ɗauka. Gardama ce tsohuwa. Jabariyya sun ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, Mu'utazila suka ce shi ke ƙagar aikinsa da kansa. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya baro Mu'utazila a Basra, ya bi ta tsakani: Allah ke halittar aiki, bawa kuma yana da kasabi, wato nufinsa da himmarsa, a kansu ake yi masa hisabi. Wannan ce aƙidar da malaman zaure suka daɗe suna karantarwa daga Ummul Barahin ta Shehu Sanusi. Wani abokina da ya yi karatu a makarantar tauhidi ta ECWA a Kagoro ya ce su ma can haka suke kwana a kan saɓanin Kalbin da Arminiyus game da ƙaddara da zaɓi, har shayi ya huce ba a tashi ba.

A waccan tafiya hazon ba nawa ba ne, iskar da ta kwaso shi daga Hamada ba ta shawarce ni ba, hanyar da aka ba matuƙi ma haka. Nawa shi ne cewa na ce wa mai ba da tikiti, "Don Allah ta hagu." Ƙaramin abu ne, amma da gari ya washe, shi kaɗai zai raba wanda ya ga Kagoro da wanda ya ga Akwanga. Baba ya haɗiye wannan ɗan bambanci, kuma irin haɗiyar nan ce ke damuna. Da ita direba ke gangarowa Hawan Kibo da mataccen birki, in an yi magana ya ce kwana in bai ƙare ba ba abin da zai faru. Wanda ya rubuta kwanan ai Shi ya ba shi ido da kuɗin bakanike.

Inda na fi jinkirtawa shi ne batun mutumin kujerar tsakiya, wanda ya iso duk tagogi sun ƙare. Malamai sun ce ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, don haka ba mai tuhumarsa da rashin kallo. Sai dai a jirgi ana rubuta lambar kujera a takarda, kowa ya san wanda ya zaɓa da wanda aka ajiye. A ƙasa ba haka ba ne. Matashin da ke zaune a tashar Kafanchan ba aikin yi, tun da jiragen ƙasa suka yi ƙaranci, mukan yi saurin ce masa rago, shi kuma ya ce ƙaddara ce, alhali daga mu har shi ba wanda ya ga tikitinsa.