Ɗa Yana Kwance, Gona Tana Jira

Mai karatu, ka tuna 2020, shekarar korona? An rufe lakwal a watan Maris, aka buɗe a Yuni, lokacin shuka. Sai yaro ya dawo da zazzaɓi. In ka zauna jinya, wa zai yi noma? In ka tafi gona, zuciyarka tana gida.

Yayirus shugaban majami'a ne, amma da 'yarsa ta kwanta ciwo, ya bar kome ya faɗi gaban Yesu. Yesu ya bi shi gida, ya tashe ta. Duba Markus sura 5.

Kai ma, ka kai yaron gidan likita da wuri. Ka roƙi 'yan'uwa masu bi su yi maka gayya. Damuwar zuciya kuwa, miƙa wa Yesu cikin addu'a. Yana ji.