Ƙarfin Jikin Ɗiya Mace a Ma'aunin Shari'a



Wata magana ta yawaita a bakin jama'a tun da gidajen motsa jiki suka fara yaɗuwa a Kaduna da Kano. Da zarar an ji mace ta shiga ɗaga ƙarfe sai a ce ta fitsare, ko a ce so take ta zama namiji, ko kuwa wai za ta fi ƙarfin mijinta. Wasu har sukan jingina zancen ga addini, watau wai rauni shi ne adon mace Musulma.

To, mai wannan magana ya kamata ya bi hanyar Buruku ya nufi Birnin Gwari. A ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku mace takan tashi da asuba ta yi daka, ta ja ruwa a rijiya, ta dawo daga daji da damin itace a ka, ga goyo a baya. Babu wanda ya taɓa cewa wannan ta fitsare. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar, kamar harin Gwaska na watan Mayu 2018 wanda ya ci rayuka fiye da 40, mata da yawa da ƙafa suka tsira, ɗa ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa. Ashe ana son ƙarfin mace idan wahalar gida za ta ɗauka, sai ta neme shi domin lafiyarta ne yake zama abin gori?

Matan sahabbai kuwa ba raunana ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Asma'u 'yar Abubakar takan kula da dokin mijinta Zubairu, ta ɗebo ruwa, ta kuma ɗauko ƙwallayen dabino a ka daga gonarsa mai nisa. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an ga Nana A'isha da Ummu Sulaimi suna jigilar salkunan ruwa a bayansu, suna shayar da mayaƙa, su koma su ciko. A ranar ce Nusaiba 'yar Ka'abu ta tsaya da takobi tana kare Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, har aka ji mata raunuka. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi da kansa ya yi tsere da A'isha ta wuce shi, bayan wani zamani da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya wuce ta. Hadisin Muslim da ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni bai ware mata ba, ko da yake malamai sun bayyana cewa ƙarfin imani da himma ne kan gaba a cikin ma'anarsa.

Abin da shari'a ta tsaya a kai shi ne yadda za a yi. Mace ta suturta jikinta, kada ta cuɗanya da maza, kada ta keɓe da namijin da ba muharraminta ba da sunan mai koyarwa, kada a ɗauki hotonta a watsa, kada salla ta wuce ta, matar aure kuma ta fita da sanin mijinta. Gidan da bai cika waɗannan ba, a guje shi. Amma fa mijin da ya hana bayan sun cika, don tsoron bakin mutane kurum, ya sani lafiyar iyalinsa amana ce a wuyansa.

Likitoci sun tabbatar ƙashin mace yakan yi saurin rauni bayan ta daina jinin al'ada, ɗaga nauyi daidai gwargwado kuwa yana ƙarfafa shi. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi, namiji ko mace, ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Batun komawa siffar maza ba shi da tushe, gama sinadarin da ke kumbura damtsen namiji kaɗan ne ƙwarai a jikin mace.

Sai dai kada a ɗauka dakon itace ya wadatar. Nauyin da aka ɗora ba awo, ba hutu, ba isasshen abinci, cin baya da wuya yake yi. Matar ƙauyen Birnin Gwari rijiya kusa da gida da injin niƙa take bukata, 'yar'uwarta ta birni wadda hawan jini da ciwon suga ke bibiya kuwa tana bukatar killataccen ɗaki da mace mai koyarwa, wanda ƙungiyoyin mata Musulmi da masu hali za su iya samarwa a gefen makarantun Islamiyya.